Abin da na tarar a ƙasan adakar Iya: kayan goyo a ƙasar Katagum

Bara da damina Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa a Azare. Bayan an share makoki, ƙannena suka ce tunda ni ce babba, ni zan buɗe adakarta. Adakar ƙarfe ce irin ta da, mai zanen furanni, fentin duk ya kankare. A sama atamfofi ne da mayafai, waɗannan aka sa su cikin gado. A can ƙasa kuwa sai ga wani ƙullin tsumma. Da na kwance, ga abin da ke ciki: majanyi baƙi na saƙi, tandun kwalli, wani ɗan ƙoƙo da ya taɓa tsagewa aka ɗinke, layu biyu a igiya ɗaya tare da wuri uku, kwalbar Woodward's babu komai a ciki, fil ɗin nafkin guda biyu da suka yi tsatsa, da katin awon autanmu. Babu wanda ya ga abin rabo a nan. Na roƙa aka bar mini, na taho da su Sabo.

Iya ta haifi goma sha ɗaya, bakwai muka rayu. Da waɗannan 'yan tarkacen ta yi renonmu duka, waɗanda suka tsaya da waɗanda suka koma. Tun da na dawo nake jujjuya su, sai na lura ba zamaninsu ɗaya ba. Wani ya girmi zuwan Turawa, wani Turawa ne suka kawo shi, wani kuma sai bayan an sami mulkin kai ya shigo. Mu dai kakaf ɗinsu muna ce musu kayan da.

Saboda yaran da aka haifa nan Ibadan, waɗanda ba su san Azare ba sai a bakin iyaye, bari in ɗan faɗi inda ake magana. Ƙasar Katagum, wadda mu ke kira Guddiri, tana arewacin Jihar Bauchi, a kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Kano da Borno. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, bayan ya ci tsofaffin garuruwa irin su Shira da Tashena. Garin Katagum da ke bakin kogi shi ne mazaunin sarki, har Turawa suka zo a 1903. A 1916 aka mayar da fada Azare. Wani abin mamaki, a wannan shekarar ce aka yanka wa Hausawan Ibadan wannan unguwa tamu ta Sabo. A 1926 aka cire Katagum daga lardin Kano aka haɗa ta da Bauchi. Ƙasa ce ta gamin gambiza: Fulani, Barebari, Karekare, Badawa da Hausawa, kowa ya zo da al'adarsa ta haihuwa, suka cakuɗa.

Wurin nan uku da ke jikin laya, su ne suka fi komai tsufa. A watan Janairun 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Clapperton da Oudney, suka iso Katagum daga Borno. Oudney, wanda likita ne, bai wuce ba, ya rasu a Murmur kusa da garin. Clapperton ya rubuta cewa a Katagum ya fara ganin ana ciniki da wuri, don a Borno ba da shi ake saye da sayarwa ba a lokacin. To ka ga kuɗi ne sosai. Da sulalla da kobo suka kashe shi, sai ya koma abin rataya wa jariri a wuya ko a ƙugu, wai maganin baki da kambun-baka. Malamai sun daɗe suna faɗa a kan haka, kuma ni kaina ban rataya wa 'ya'yana ba. Amma Iya ba ta taɓa yarda cewa tsafi take yi ba. Cewa take, ai ado ne.

Majanyin nan kuwa, kakata ce ta kaɗa zarensa da mazarinta, aka kai wa masaƙi, daga nan aka kai marina aka tsoma a baba. Ƙwarya-ƙwarya ne ba faɗi ne da shi ba, amma har yau in ka ja shi da ƙarfi ba ya ko motsi. Yadda ake yi kowa ya sani: uwa ta sunkuya, ta ɗora yaro a gadon baya, ta yafa zane ta soke a ƙirji, sannan ta kawo majanyi ta tallabe ɗuwawunsa ta ɗaure tam a gaba. Shi ke nan hannu biyu sun samu 'yanci. Da goyo ake daka, da goyo ake surfe, da shi ake zuwa rijiya. Bugun taɓarya ma shi ke sa yaro barci. Ni ina da shekara bakwai aka fara ɗaura mini ƙanena da wannan majanyi, ƙafafunsa suna dukan ƙwaurina, in ya yi fitsari in ji ɗumi yana gangarowa ta bayana. In na kai ƙara sai Iya ta ce, to ke wa kika yi wa naki? Da na zo nan na tarar matan Yarbawa su ma suna da nasu, wanda suke kira oja, kuma ba su wasa da shi, don a wajensu babban abin kunya ne yaro ya suɓuce daga bayan uwarsa.

Abin da ya kashe majanyin saƙi ba wani abu ba ne illa araha. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, atamfa ta cika kasuwa. Wa zai zauna kaɗi wata guda a kan abin da zai yanka daga gefen turmi? Daga baya tawul ya karɓe aikin. Yanzu kuma ina ganin 'yan matanmu da wata jaka mai maɗaurai, suna rataye yaro a ƙirji kamar mai tallan goro. Ban hana ba, amma ya kamata su san asalinta. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata ke goyo, ta koma gida ta ɗinka irinsa, ta yi masa rajista a 1969 da sunan Snugli. Haka kuma a 1978 likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, saboda ƙarancin kwalbar ɗumama jarirai. Yau wannan dabara ana koyar da ita a asibitocinmu. Kakata ta rasu ba ta san ana biyan kuɗi a koyi abin da take yi kyauta ba.

Akwai kayan da ba za su shiga adaka ba, amma su ne ginshiƙin jego: tukunyar wanka, itace, da ganye. A 1978 na tafi goyon ciki, daga nan Ibadan a jirgin ƙasa zuwa Kano, daga Kano a mota ta Wudil da Jama'are. Tun kafin in iso maigidana ya aika da kuɗin itace, don wannan haƙƙinsa ne, kuma mijin da ya gaza a nan ya shiga bakin mata har abada. An jibge itacen a bayan ɗaki kamar za a yi gini. A zamanin kakata ƙatuwar tukunyar ƙasa ake girkawa, a nawa zamanin an koma rabin duro. Tun asuba Goggo za ta tashe ni, ruwa yana tafasa, ta tsoma reshen ganye ta dinga fyaɗa mini a jiki, safe da yamma, har kwana arba'in. Ɗan fari ne, ga kunya, ba damar ihu. Sai dai in cije zane. In an gama a miƙo kunun kanwa a ƙwarya, a kawo ƙauri da yajin jego, a ce ci, mai jego ba ta ƙoshi.

Ganyen da aka yi mini wanka da shi na darbejiya ne, kuma in ka tambayi kowace tsohuwa yau za ta ce maka haka aka gada tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Darbejiya baƙuwa ce, asalinta daga Indiya da maƙwabtanta, kuma ma'aikatan gandun daji na Turawa ne suka fara dasa ta a lardin Borno wajen 1928, daga can ta bazu. Ke nan lokacin da aka haifi kakata babu ita a Azare ko ɗaya. Da ganyen tsamiya da runhu da makamantansu ake yi. Cikin shekara hamsin kacal baƙuwa ta zama 'yar gida, har ana rantsuwa da ita.

Kanwa kam tsohuwa ce. Daga ƙasar Manga da bakin tafkin Chadi take fitowa, a kan jakuna da raƙuma da takarkarai, kuma Katagum tana kan hanyarta ta zuwa Kano. Akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu wadda aka fi so don magani. Da jirgin ƙasa ya kai Nguru wajen 1930 sai ta ƙara yawa ta ƙara araha, har ta iso kasuwannin nan Kudu buhu-buhu. Saboda haka mai jego a Guddiri ba ta taɓa rasa kanwa ba, sai dai ta yi mata yawa.

A nan ne maganar take da nauyi. A shekarun 1970 wasu likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da ake kawowa da kumburi da haki bayan haihuwa, zuciya ta gaza. Suka ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin ɗari, abin da ba a taɓa gani ba a wata ƙasa. Suka ɗora laifin a kan gishirin da ke cikin kanwa, da zafin wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Shekara da shekaru haka ake koyarwa. Sai ga wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2020, bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya gano ya fi karkata ga rama, da rashin karatu, da hawan jini lokacin ciki. Wato talauci ya fi tukunyar Goggo laifi. Duk da haka ni ban ga dalilin ƙona mace da tafasasshen ruwa ba, na ga tabon ƙuna a cinyoyin ƙawayena da idona. Kuma mai hawan jini ba ta da abin yi da kanwa, wannan ko ba likita ya faɗa ba. Abin da nake kewa a jego shi ne ɗaya ɓangaren: kwana arba'in ba girki, ba wanki, ba shara, kana da mai riƙe maka yaro ka yi barci. A nan Sabo na ga yarinya ta haihu ranar Talata, ranar Asabar tana tsugune tana wanke-wanke a tsakar gidan haya, uwarta tana can Arewa kuɗin mota ya gagara.

Tandu da ƙoƙo su ne na fi so in riƙe. Tandun na fata ne, dukawa suka yi, har yanzu in ka buɗe akwai ɗan baƙi-baƙi a ciki. Da an yi wa jariri wanka da sabulun salo a cikin kwatarniya, sai a shafe shi da man shanu ko man kaɗe, a miƙe masa gaɓoɓi, a ɗan cilla shi sama a cafe don kada ya tashi matsoraci, sannan a ranbaɗa masa kwalli, har a ja masa gira. Namiji da mace duk ɗaya. Ƙamshin man shanu da hayaƙi a jikin jinjiri, wallahi har yau in na ji shi sai ƙirjina ya buga. Sai dai an auna irin wannan kwalli na dutse an tarar da dalma a cikinsa, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Jikokina ban bari an sa musu ba. Ƙoƙon kuma na ɗura ne. Uwa ta kwantar da yaro a cinya, ta tara hannu a bakinsa, ta zuba ruwan ɗumi ko dauri ko kunu, in ya ƙi ta toshe masa hanci har ya haɗiye. Duk mun sha. Wasu sun shaƙe.

Akwai abu guda da na duba ban gani ba a ƙullin, kuma na gode Allah: reza. A da ungozoma da aska ko sillen kara take yanke cibi, daga baya aka koma reza, sau da yawa wadda aka riga aka yi aiki da ita. Sai a dinga gasa cibin da tsingaro ko tsumma mai zafi har ya faɗi. Ƙanwata ta uku kwananta takwas a duniya. An yi suna lafiya, an yanka rago, washegari ta ƙi kama nono, baki ya ɗaure, jiki ya sandare. Aka ce iska ce, aka ce mayu ne, har aka daina gaisawa da wata maƙwabciya baiwar Allah. Sai da na girma na ji ana bayanin tetanas a asibiti, yadda ƙwayar cutar ke shiga ta cibi, na zauna na yi lissafin kwanakin, na ga ita ce. Allura biyu ga mai ciki da sabuwar reza da sun wadatar. Yanzu akwai wani man shafawa na cibi da ake bayarwa, kuma jihohin Sakkwato da Bauchi suna cikin na farko da suka fara raba shi wajen 2013. Ban taɓa gaya wa Iya abin da na gano ba. Me zai ƙara mata?

Haka batun dakashi, nonon farko mai kauri. An ɗauka ƙazanta ne, sai a matse a zubar, a yi kwana biyu ko uku ana ba jariri ruwa ko nonon akuya. Wasu har gwaji suke yi, a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. Ga kuma wanzami da zabirarsa, ranar suna ya yi aski, ya cire beli, ya yi tsagar gado in gidan masu tsaga ne, da aska ɗaya gida-gida. Ba raina wanzamai nake ba, su ne likitocinmu lokacin da babu wasu, kuma wanzamin gidanmu mutumin kirki ne. Amma duk wanda ke cikin kewar da, ya tuna da sunayen da ake raɗa wa 'ya'yan wabi: Ajuji, Ayashe, Abarshi. Suna ne na uwar da ta gaji da binnewa, tana nuna kamar ba ta damu ba ko mutuwa za ta kau da kai. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da irinsu, Malomo da Kokumo, kuma ciwon ɗaya ne.

Kayan kanti sun fara shigowa Azare a hankali, ta hannun matan ma'aikatan En'e da malaman makaranta da 'yan kasuwar da ke zuwa Kano. Amma ambaliyarsu sai bayan kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka yi a 1974 lokacin da man fetur ya yi daraja. Nan da nan kayan barka suka canza. Da dai sabulu ne da zane da ƙwaryar hatsi. Sai aka koma saitin wanka na roba, hodar Johnson's, Vaseline, sabulun Cussons, Dettol, filas, rigunan sanyi na ulu da hula da safa, a garin da zafinsa ke fasa dutse. Mai hali har da keken turawa, wanda rairayin Azare bai taɓa barin tayarsa ta juya ba. Wata matar ɗan'uwanmu a ciki take ajiye albasa.

Kwalbar Woodward's ɗin nan tun lokacin take. Wani mai haɗa magani a Nottingham ta Ingila, William Woodward, shi ya ƙirƙiro ruwan a 1851. Iya ta yarda da shi fiye da kowane maganin asibiti, da yaro ya yi kukan ciki sai cokali guda, sai barci. Abin dariya, cikin haɗinsa akwai wani gishiri wanda yake ɗan'uwan kanwa ne, wato dai abin da kakata take jiƙawa a ƙoƙo shi aka zuba a kwalba aka liƙa takarda. Abin da ba na dariya ba, asalin haɗin akwai barasa kaɗan a ciki, sai a farkon shekarun 1990 aka cire ta a Ingila. Wannan ma ban gaya wa Iya ba, da ta kwana istigfari. Ita ma hodar Johnson's, wadda aka fara sayarwa tun 1894, kamfanin ya daina yin ta da farin dutsen da aka saba a 2023 bayan ƙararraki masu yawa a Amurka, ko da yake ya dage cewa ba ta da illa. Yanzu da garin masara ake yin ta.

Wanda ya yi ɓarna sosai shi ne fida da madarar gwangwani. Lactogen, Cow & Gate, SMA, NAN, an ɗauke su alamar wayewa, hoton jariri ɓul-ɓul a jikin gwangwani. Amma madarar tana son tafasasshen ruwa da kwalba mai tsabta da awo daidai. Ina mai ɗebo ruwa a rijiya za ta cika waɗannan sharuɗɗa sau shida a rana? In gwangwani ya kusa ƙarewa sai a ƙara ruwa. Sai gudawa, sai maɗiga ta faɗa, a ce haƙori ne. Abin ya zama rigima ta duniya, aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka a 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallan madarar jarirai a 1981. Mu a nan abin da ya raba yawancinmu da gwangwani ba ƙa'ida ba ce, tsarin SAP ne na 1986, da naira ta faɗi madara ta fi ƙarfin talaka. Kada kuma a ce duk abin da ya zo a kwalba lafiya ne. Waɗanda suka isa hankali a 2008 sun tuna maganin haƙorin nan My Pikin, wanda ya hallaka yara 84.

Katin awon autanmu ya yi laushi kamar tsumma, an naɗe shi a leda. Shi kuma asalinsa ba nisa da nan. Wani likita Bature, David Morley, da ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun ƙarshen shekarun 1950, shi ya fito da dabarar a auna yaro wata-wata a ɗiga a kati, a bar katin a hannun uwa, ba a kabad ɗin asibiti ba. Daga ƙasar Ijesha dabarar ta zagaye duniya. Iya ba ta karanta boko ba, amma ta san in layin ya hau alheri ne, in ya kwanta akwai magana. A katin akwai wurin da ya kwanta wata uku, na tambayi ƙannena, suka ce lokacin ne ya yi baƙon dauro. Ya tashi, yau yana da 'ya'ya biyar. Ni ba ni da kati, abin da nake da shi tabon lamba ne a dantse. Ina tuna ranar da aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa, aka zo da wata allura kamar bindiga ana taka ta da ƙafa, yara na ta gudu dogarai na kamowa. Yaƙi da agana ke nan, wanda aka fara a 1967, kuma zuwa 1970 an ga ƙarshenta a Najeriya. Yaran yanzu ba su ma san fuskar mai zanzana ba. Sannan zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka cika rediyo da koyar da ruwan gishiri da sukari. Wannan ɗan haɗin ya ceci yaran da dauri bai ceta ba.

Kayan wasa ba a ajiye ko ɗaya ba, don ba masu daɗewa ba ne. Ɗan caki na duma da tsakuwa a ciki. Keken koyon tafiya na katako mai ƙafa uku, wanda kafinta ɗaya ya yi, ya zagaye gidaje goma. 'Yar tsanar ƙashi ko ta kara, mu yi mata kitso da zare mu goya ta da tsumma. Maza su fafe kara su yi mota har da fitila. Ranar yaye kuma ba a mantawa: a shafa maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ya yi kwana biyu yana tsala kuka, a rarrashe shi da kunu da 'yar tsokar kaza. Daga nan ya zama ɗan kaka, wani ma ba ya komawa. Ni a ɗakin kakata na tashi, a nan na ji labarin Gizo da Ƙoƙi, fitilar aci-balbal tana ci, ana ɓarar gyaɗa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ban musa ba, amma ni dai na ji daɗin wancan ɗakin.

Saura fil ɗin nafkin. A zamanin kakata ba a san wani nafkin ba, tsofaffin zannuwa ake yagawa, kuma tun yaro yana wata uku uwa ke ɗora shi a kan ƙafafunta ta yi masa 'yar tsuwa, ya saba. Nafkin na tawul ya zo tare da kayan kanti: a ninka shi kusurwa uku, a soke da fil, a ɗora wandon roba. Dozin biyu sun isa yaro, har ƙaninsa ya gada. Wahalarsa wanki, a jiƙa da Omo, a tafasa, a sa bula, a shanya. Igiyar gidan mai jego daga nesa ake gane ta. Pampers kuwa an fara sayar da shi a Amurka tun 1961, amma bai zama ruwan dare a wajenmu ba sai bayan da kamfaninsa ya shigo Najeriya a farkon shekarun 1990, ya kafa masana'anta a nan Ibadan. Ya hutar da mata, wannan gaskiya ne, wadda ba ta taɓa wanke nafkin da sanyin asuba ba ce kaɗai za ta raina shi. Amma ku leƙa kwatocin unguwar nan da damina ku ga abin da ya toshe su. Sannan a ƙarshen 2023 kamfanin ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya, masu yin Huggies su ma suka rufe masana'antarsu ta Ikorodu a 2024. Akwai wasu samfuran a kasuwa, amma kuɗinsu kowa ya sani, har ana sayar da shi ɗai-ɗai kamar sigari, ana barin yaro da guda ɗaya tun safe har dare, cinyoyi su saɓule.

Watan jiya matar ɗana ta sauka, aka sami mace, aka mayar da sunan Iya. Ana kwana goma da suna ta shigo ɗakina da tawul guda shida da ta sayo a kasuwa, tana 'yar dariya, ta ce, "Hajiya, don Allah ki koya mini yadda ake naɗa abin nan, kuɗin Pampers zai gama da mu." Na shimfiɗa a gado na nuna mata, hannuna bai manta ba. Fil ɗin Iya sun yi tsatsa, sai da muka aika aka sayo sababbi. Ta hango majanyin a gefen adaka ta tambaya ko na sayarwa ne a wani wuri. Na ce babu, amma ta ɗauka ta wanke, in yarinyar ta yi ƙwarin wuya ta gwada. Tandun da ƙoƙon na mayar cikin tsummansu. Layun biyu ɗana ya ce a farke a ga abin da aka rubuta a ciki, na ce a bari tukuna, sai na je Azare da Babbar Salla na tambayi Goggo wa aka yi wa su.